Ƙwallon da Na Aiko Miki

Zuwa ga Yayata, 'yar Kawu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina yi miki sannu da jiki, sannun da ta fi ƙarfin takardar nan. Allah ya sa kaffara ne, ya tashi kafaɗunki. Ina gaida ɗanki da matarsa Amarya da yaran. Ni lafiyata lau, sai gwiwar nan da kika sani.

Amarya ta gaya min a waya cewa ɓarin dama ne ya shanye. Ƙafa ta fara takawa, hannu ne ya ƙi, baki kuma ya ɗan karkace. Ta ce duk kiran da na yi kina ji, girgiza kai kike yi, wai ba zan ji muryarki a haka ba. Ban ji haushi ba. Tunda kin ƙi waya, na koma takarda. Direban da ke bin hanyarmu ya yarda ya riƙa kai mana, in ya sauke kaya ya biya ta gidanku.

A cikin ƙunshin nan akwai ƙwallo ruwan ɗorawa. Kada ki ba yara. Kin san aikina a asibitin nan shara ce da gyaran ɗakin gashin ƙashi, inda ake motsa wa masu irin lalurarki jiki. Irin ƙwallayen nan cike suke a kwando kusa da taga, ni nake goge su kowace safiya. Wannan dai ba daga kwandon na ɗauko ba, saya na yi a kantin magani, ki riƙe shi da natsuwa. Kala uku ne. Ruwan ɗorawa shi ne mai laushi, na farawa. Ja ya fi shi tauri. Shuɗi kuwa sai hannun da ya kusa komawa bakin aiki.

Na tambayi likitar ɗakin namu, yarinya ce mai haƙuri, ta gwada min a hannuna. Ki zauna, ki ɗora hannun a kan matashi, wuyan hannu a miƙe kada ya lanƙwashe. Ki sa ƙwallon a tafi, ki naɗe yatsu a kansa, ki matsa iya ƙarfinki. Ita cewa ta yi a ƙirga zuwa biyar. Ni na auna, daidai yake da Subhanallahi wa bihamdihi in an faɗa a natse, kin ga an samu lada a kan hanya. Sannan ki saki, ki buɗe yatsun har ƙarshe. Ta ce in jaddada miki wannan: sakin ya fi matsewar wuya, don hannun da ya shanye dama dunƙulewa yake so, buɗewar ce ba ya yi da kansa. In kin gaji, ki tsunkuli ƙwallon da babban yatsa da manuniya, kamar kin kamo silin gashi. Ki kuma murza shi a kan tebur saboda wuyan hannu. In kin ji zafi mai suka, ki dakata.

Ta kuma ce mara lafiya yana so a ajiye masa wani abu a gaba da zai riƙa hangowa. To ga naki. Tun da aka kawo ni gidan Kawu bayan rasuwar Innata, babu hannun da ya taɓa kaina sai naki. A nan ma kalaba biyu nake yi da kaina, ina jiran hutu in zo ki yi min na gaske. Kullum cewa kike ban iya wasan taubasai ba, ki zage ni tas in ce Allah ya shirye ki. Yau na koya. Hutuna na bana ya kusa, amma ba za ki ga ƙafata a gidanki ba sai hannun nan ya iya yi min kitso. Me zan zo in yi wa mai kitson da ba ta kitso? Kin ji, na rama.

Taki,
Wasali
(sunan da kika laƙaba min a makarantar allo don kawai na ce fataha ce kika karanta rufu'a, har yau da shi nake amsawa)

*

Zuwa ga Wasali, baiwar gidanmu,

Wa alaikumus salam. Amarya ce ke rubutawa, ni ce ke faɗa. In kin ga kuskure nata ne, ku ƙarata can. Jiki da sauƙi, alhamdulillahi. Yaya gwiwa?

Saƙo ya iso. Shekara da shekaru ina jiran ki aiko min da abin kirki, ashe ƙwallo ne rabona. Autan Amarya ya gani ya ce Kaka ta shiga ƙungiya, a sayo mata takalmi. Ke da gashin ƙashi, ni da gashin kai, dama na san wata rana sai kin shigo min sana'a.

Ina matsawa. Wato ni a ganina ina matsawa, shi ƙwallon bai san ana yi ba. Sai ya zame ya gangara ƙarƙashin gado, a kira yaro ya zo da tsintsiya.

Masu zuwa kitso sun zo dubiya makon farko har tabarma ta kasa. Yanzu ta taga nake hango su, kai a tsefe cikin ɗankwali, suna sauri zuwa gidan gaba kada mu haɗa ido. Ban ga laifinsu ba. Kujerata tana nan bakin ƙofa, kibiya da mataji suna cikin gwangwaninsu.

Maganar ba za ki zo ba sai na yi miki kitso, na ji. Ashe shiru-shirun nan akwai baki. Wannan kan naki da ko ina da lafiya sai na yi bisimilla uku kafin in shiga cikinsa? To ki zauna. Wa ya ce miki yana kewarki?

Yayarki

Inna, ni ce Amarya, wannan layin nawa ne. Da na zo wurin kitson ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce in sake karanta mata wurin. Tana cin abinci. Ina gaishe ki.

*

Yayata,

Assalamu alaikum. Ya ƙarfin jiki? Na gode wa Allah da na ji bakinki yana nan yadda na san shi. Zamewar ƙwallo ba komai ba ce, kowa da haka yake farawa. Akwai wani tsoho tela da ake kawowa ɗakinmu, da farko ko riƙe shi ba ya iya yi, yau ga shi yana ɓalle maɓallin rigarsa da kansa, yana kallonmu ko mun gani.

Alfarma ɗaya nake nema. Amarya yarinyar kirki ce, rubutunta ma ya fi nawa kyau, amma hannunki nake so in gani. Likita ta ce riƙe biro ma motsa jiki ne. Ko layi biyu ne, ko a karkace. Ki gaya min gaskiyar yadda kike, ba da bakin kowa ba.

Shugabarmu ta tambaye ni yaushe zan tafi hutu, na ce ta ɗan dakata min, ina jiran amsa daga wata mai kitso.

Taki,
Wasali

*

Wasali

salam
hannu yana nan
kullum ina matsar ƙwalla
safe da yamma
yaushe hutunki

Yaya

*

Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Alhamdulillahi, alhamdulillahi! A tsaye na karanta takardarki, a bakin ɗaki, tsintsiya a hammata. Hannunki ne! Baƙaƙen sun hau sun sauka kamar na 'yan ajin farko, amma naki ne, na gane yadda kike buɗe wa "y" ƙafa.

Kin ce kullum kina matsar ƙwallo, safe da yamma. Allah ya yi miki albarka. Harafin ƙarshen ya fito da 'yar wutsiya, "o" ɗinki ya so ya zama "a", amma na san rawar hannu ce. Kin ga ban ci gyaranki ba, na girma. Safe da yamma ya yi. In kin samu sarari ki ƙara da rana, ba zai cutar ba.

Maganar hutu. Abokiyar aikina 'yarta ta kusa haihuwar fari, ba ta da kowa a kusa, ta roƙe ni mu yi musaya. Da takardarki ba ta zo ba da na ce mata a'a. Amma da na ga kina kan hanya haka, sai na ce ta ɗauka, nawa ya koma bayan nata da wata biyu. Kafin nan hannun ya yi ƙwari, in zo in zauna a gabanki a ƙasa, ki danna min kai tsakanin gwiwoyinki kina cewa in daina motsi. Na daina ko kalabar, ɗaure shi kawai nake yi, na bar miki shi gaba ɗaya.

Ga ja nan na aiko. Ki dawo min da ruwan ɗorawan ta hannun direba. Likita ta ce daga inda ƙwallo ya lotsa takan gane yatsun da suka farka da waɗanda suke barci.

Taki mai murna,
Wasali

*

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya. Direba ya zo ya koma, ya sake zuwa, hannu biyu babu komai. Ya ce ya yi sallama, Amarya ta fito ta ce kin ce babu saƙo. Na kira ta, ta ce lafiya lau kike, sai dai barci da yawa da zaman ɗaki.

Ko jan ne ya yi miki tauri? In haka ne ki koma na farkon, babu mai yi miki dariya. Ko kuwa wani abu na faɗa? Na yi ta juya takarduna a kaina, ban gano ba. Ki zage ni ma, na fi son wannan.

Wasali

*

Wasali

ga ƙwallonki
takardata babu gyara
ke ce Wasali

*

Yayata, 'yar Kawuna,

Assalamu alaikum. Ban san yadda zan gaishe ki ba yau.

Na kai wa likita ƙwallon da rana, lokacin da ɗakin ya yi sauƙi. Da alfahari na kai. Gefensa ɗaya duk ya faffashe, 'yan ramuka a jere, layi biyu masu lanƙwasa. Na ce, "Likita, duba aikin Yayata, har farcenta ya ci shi." Ta karɓa ta juya shi a hasken taga. Sannan ta ce, "Mama, wannan ba farce ba ne." Ta kawo shi kusa da bakinta ba tare da ya taɓa ba, ta kalle ni. Ta ce, "Haƙora ne. Ciwo take ji haka? Ko kuka take ɓoyewa?"

Na shiga ɗan ɗakin da muke ajiye tsintsiya da bokiti, na ja ƙofa, na ciro takardarki daga jakata. Wutsiyar tana nan, Yaya. Ba rawar hannu ba ce. Kin danna biron a kanta har takardar ta kusa hujewa, don kada in yi kuskure. Ƙwalla kika rubuta. Kullum, safe da yamma. Kika tambaye ni yaushe hutuna. Ni da na taɓa tsayar da karatun makaranta guda saboda rufu'a ɗaya, na ga harafin da idona, na ba shi suna, na wuce. Abin da nake so in gani na karanta. Har na ce miki ki ƙara da rana. Astagfirullah.

Wasan nan na janye shi. Kin daɗe kina faɗa ban iya ba, gaskiyarki ce. Ke in kin zage ni kowa ya san ƙarya kike yi. Ni kuwa kin san ban taɓa faɗar abin da ba shi nake nufi ba, shi ya sa kika ɗauka. Wallahi ban nufa ba. So na yi in ba ki abin kamawa.

Na je wurin shugabarmu, ta ce in na samo mai riƙe min aiki in tafi. Na samo, amma sai farkon makon gobe za ta fara. Na so in jingine tsintsiyar nan in taho yau, sai dai mabuɗin ɗakin a hannuna yake, amana ce, kuma tsofaffin nan da sassafe ake kawo su. Ki yi min haƙurin 'yan kwanakin nan. Na kira ɗazu, Amarya ta kara miki wayar, ta ce kin kau da kai. Ban sani ba ko kin ji. Shi ya sa na rubuta, direba zai riga ni isowa.

Ina zuwa. Hannu ya tashi ko bai tashi ba, ina zuwa. Ni zan tsefe miki naki, in wanke, in yi miki kalabar nan tawa mai muni, ki kalli madubi ki zage ni son ranki.

Ki yafe min.

Wasali

*

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ya haƙuri? Ina fatan kin koma lafiya. Baban yara yana gaishe ki, da su yaran. Allah ya jiƙan Mama, ya sa ta huta.

Kwanakin da kika yi a nan masu gaisuwa ba su bar mu mun keɓe ba, kuma duk lokacin da na buɗe baki sai in ga idonki in fasa. Na ji kina tambayar direba ko ya kawo takardar, ya ce ya kawo, ba ki ƙara tambaya ba. Shi ne na ce bari in rubuta miki.

Takardar ta same ta da rai. Washegarin da ciwon ya sake buge ta ne, muna asibiti. Ba ta magana, amma idonta a buɗe. Na ce, "Mama, baiwarki ta aiko." Hannun hagu an sa mata ruwa, don haka na dama na riƙe, na karanta da ɗaya hannun. Da na zo inda kika ce ina zuwa, sai na ji yatsunta sun kama nawa. Ba da ƙarfi ba, kamar yadda jariri ke kama yatsa. Ma'aikaciyar jinya ta ce irin hannun nan dama yakan dunƙule da kansa. Na sani, wata nawa ina wanke shi. Amma Inna, da ta riƙe na ɗan lokaci sai ta saki. Ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, kamar yadda kika rubuta a takardar farko. Ban taɓa ganin ya buɗe da kansa ba sai ranar.

Sauran abin da ya kamata ki sani. Takardun nan biyu da hagu ta rubuta su, ta rufe ƙofa, safiya guda take yi a kan kowace. Ƙwallon kuma ta yi ƙoƙari da shi da gaske, bayan kowace salla, ina jin tana tasbihin. Cizon ban taɓa gani ba. Nakan tarar da shi a jiƙe a kan matashi, sai in ɗauka yawun bakin ne, in goge in ajiye mata. Bango ɗaya ne tsakaninmu, Inna. Ni da nake nan ban gane ba, balle ke da kike nesa.

Jan ba ta buɗe shi ba, yana cikin gwangwani da kibiya da mataji. Amma tun da ya iso ta fara koya min kitso da baki, a kan 'yata babba. Ta zauna a kujerarta tana cewa, "Wannan tsaga ce ko hanyar mashayi? Warware!" Na tambaye ta gaggawar mece ce. Ta ce in na iya, za mu rubuta miki a ce hannu ya tashi. In kin zo kin zauna kin ba da baya, ni zan yi kitson ita ta yi zagin, wai ba za ki taɓa ganewa ba. Ta ce in kula, akwai tabo a bayan kunnenki na hagu, a bi wurin a hankali.

Ban gama iyawa ba. Tsagar ta fara miƙewa dai.

'Yarki,
Amarya

*

'Yata Amarya,

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi. Haƙuri sai godiya. Allah ya saka miki da alheri a kan jinyar da kika yi, da kuma takardar nan. Na karanta ta a zaune, a hankali, harafi bayan harafi.

Dabarar kitson nan taku, da na gane. Ki bar ta da faɗarta. Ita in ta kama gashi, ɗan yatsanta ƙarami yakan kwanta a kan kunne, yana da sanyi ko da zafi ake yi. Amma da ban ce komai ba. Da na zauna har ku gama, in ce Yaya hannunki ya dawo.

Maganar buɗe yatsun ban kai wa likita ba, ba kuma zan kai ba. Wannan na riƙe shi yadda kika ba ni.

Jan ki ba tsohon maƙwabcinku da na ga hannunsa yana rawa, ki nuna masa yadda ake yi. Ruwan ɗorawan yana wurina. Kowace safiya ina goge na kwando in jera su, shi kuma yana aljihuna, ban goge shi ba.

Tabon yana nan inda ta ce. Ita ta yi min shi da kibiya muna yara, ta ce ni na yi motsi.

Hutuna na gaske yana nan tafe. Kaina yana yadda na bar mata shi. In na zo ki ajiye kujerar a bakin ƙofa, in zauna a ƙasa. Wannan ba sharaɗi ba ne, 'yata, ki karanta da kyau. Kin iya ko ba ki iya ba, ina zuwa.

Innarki,
Wasali